Neman shawara: fim mai lamba 200 zan saya ko mai 400?

Maryam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gaji kyamara Pentax K1000 daga mahaifina, an duba ta an ce lafiyarta ƙalau. So nake in riƙa ɗaukar hotunan yau da gobe da ita: yara a tsakar gida, kasuwa, suna ko walima a falo. Mai sayar da fim ya ce yana da Kodak Ektar 100, Gold 200 da Ultramax 400. Fim ya yi tsada, ba na son hoto 36 su tafi a banza. Wanne ya dace da ni?

Baba Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinki, 'yata. Lambar nan a zamaninmu ASA muke ce mata, yanzu ISO. Tana nuna saurin fim wajen kama haske. Duk sanda ta ninka, hasken da ake buƙata ya ragu da rabi: mai 400 zai yi aiki da rabin hasken da mai 200 ke nema, ko kwatan na mai 100. Illarsa yashi-yashi a jikin hoto, amma ba ya damun ido sai an faɗaɗa hoton sosai. Ki tuna fim ba kamar waya ba ne. Da zarar kin ɗora shi, kina kan lambarsa har ya ƙare. Don haka ki zaɓa saboda wuri mafi ƙarancin haske da za ki shiga. Tunda kin ambaci falo, ki ɗauki 400.

Auwal: Baba, a gafarce ni, ina da ja kaɗan. Ranarmu ta Arewa tana da ƙarfi. Da fim 400 a tsakar rana, sai an tsuke ƙofar haske zuwa f/16 (yawan lambar f, ƙanƙantar ƙofar), shota, wato marfin da ke buɗewa haske ya shiga, a 1/500 na daƙiƙa. K1000 kuwa iyakarta 1/1000, ke nan ba za ta buɗe fiye da f/11 ba. Idan tana son fuskar yaro ta fito fes bayansa ya yi dishi-dishi, ba za ta samu ba, don wannan sai da buɗaɗɗiyar ƙofa. Da Gold 200 za ta kai f/8, da Ektar f/5.6. Ni Gold na fi so, ga launinsa mai ɗumi.

Baba Mai Hoto: Lissafinka daidai ne, Auwal. Amma wane mai hoto ne zai tsayar da mutum a ranar azahar? Ido ya kanne, inuwa ta cika ƙarƙashinsa. Hoton mutane a zaure ake yinsa, ko a gindin darbejiya, ko bayan la'asar, kuma a nan 400 ke nuna amfaninsa. Sannan irin wannan fim yana jure haske idan ya ɗan yi yawa. Ƙarancinsa ne ba ya yafewa, hoton ya fito toka-toka babu armashi.

Hajiya Binta: Ina bayan Baba, amma ƙanwata ga abin da ya fi shafarmu. Mitar kyamara mai auna haske tana ruɗewa da fararen kaya. Idan ta ga farar shadda ko bango mai haske sai ta rage haske, fuskokinmu su nutse, a rasa ko murmushi. Ni Ultramax 400 nake sakawa, in juya lambar ISO ta jikin kyamara zuwa 200, fim ya sami ninkin haske. Fata takan fito da kyanta. Ektar ki bar shi don gine-gine da daji, launinsa na da zafi, yakan sa fuska ja. A falo kuma ki matso da mutane kusa da taga, kada shota ta sauka ƙasa da 1/60 in a hannu kike riƙe da kyamara. Da dare ko 400 ba zai isa ba sai da filasha, nan ma a 1/60 za ki saita shota.

Auwal: Kafin ki biya, ki duba ranar lalacewa a kwalin. Zafi na ɓata launin fim, kada ki bar shi a mota. Ki ajiye a firji cikin robarsa, ki fito da shi ya huce kafin ki buɗe.

Maryam: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ultramax zan fara da shi. Hajiya, idan na saita 200, sai na faɗa wa mai wanke fim?

Hajiya Binta: A'a, kada ki ce ya canza komai. Ya wanke shi da C-41, wato wankin fim mai launi, yadda ya saba. Ki dai tabbatar kin sami mai wankin tun kafin ki ɗora fim ɗin.