Za a rufe filin jirginmu: akwai wanda ya taɓa ganin an sake buɗe irinsa?

Mai lodin kaya:

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata goma sha huɗu ina aikin lodi a wani ƙaramin filin jirgin sama. Ni ke jera akwatuna a cikin jirgi, ni ke sauke su, in an rasa hannu kuma in ɗauki sandunan nan masu haske in yi wa matuƙi jagora har ya tsaya. Ranar Litinin da ta wuce aka tara mu a ɗakin jiran fasinja, aka karanta mana takarda cewa nan da wata uku za a rufe filin, don ya kasa riƙe kansa.

Ba zan ce abin ya zo mana bagatatan ba. Lokacin da na fara aiki jirage shida ke sauka a rana. Yau saura biyu, na safe da na yamma, duka na kamfani ɗaya, jirgi mai farfela da ke cin mutum saba'in da 'yan kai. Ni da nake cikin jirgin ina lodi na fi kowa sanin halin da ake ciki, domin akwai safiyar da akwati goma sha ɗaya kacal na jera. Yanzu kamfanin ya ce ba zai sabunta yarjejeniya ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne, an yi mini tayin irin aikina a babban filin jirgi, tafiyar awa uku a mota daga nan. In na karɓa, sai dai in kwashe iyali ko in riƙa ganinsu sau ɗaya a mako. A gefe guda kuma mutanen gari sun fara tattara sa hannu, wasu na cewa mu yi haƙuri, hukuma ba za ta bari a rufe ba, in ma an rufe za a buɗe. Don Allah wanda ya san harkar nan ya faɗa mini gaskiya: filin da aka rufe yana dawowa? In jira ko in tafi?

Tsohon ɗan kwana-kwana na filin jirgi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya kawo mafita. Na yi shekara ashirin da bakwai a sashen kashe gobara na filin jirgi kafin in yi ritaya, don haka bari in fara da abin da na sani da hannuna.

Abin da ke kashe ƙaramin fili shi ne ɗawainiyarsa ba ta raguwa don fasinja sun ragu. A ƙa'idar hukumar ICAO, mai tsara dokokin sufurin jiragen sama ta duniya, an kasa filaye mataki goma ta fuskar kashe gobara, gwargwadon tsawo da faɗin jirgin da ke sauka. Kowane mataki da adadin ruwa da kumfa da motocin da dole a tanada, kuma ana so motarmu ta isa ko'ina a titin jirgi cikin minti uku. Ko mutum biyar jirgin ya ɗauko, sai mun cika cif, sanye da kaya, mota a shirye. Haka masu hasumiyar ba jirage umarnin tashi da sauka, haka masu binciken fasinja, haka mai zagaya titin jirgi da asuba yana tsintar tsakuwa yana korar tsuntsaye. Fitilun titi sai sun ci wuta, na'urorin sauka sai an gwada su a kan kari. Kuɗin shiga kuwa a jikin fasinja yake: kuɗin saukar jirgi, ɗan abin da ake ɗora wa tikiti, kuɗin ajiye mota, hayar shaguna. Ka ga akwati goma sha ɗayan da ka jera su ake so su biya mu duka. Ba za su iya ba.

Sannan kamfanin jirgi yana da fiffike, fili ba shi da shi. Ran da ya ga wata hanya ta fi cika masa kujeru, ya tashi ke nan. Abin da ya faru a Doncaster Sheffield da ke Ingila ke nan. An buɗe shi a 2005 a tsohon sansanin sojan sama, da titi mai tsawon kusan mita 2,900, wanda manyan jirage ke iya sauka a kai. A tsakiyar 2022 kamfanin jirage na Wizz Air ya janye akasarin jiragensa, a watan Satumba masu filin suka ce ba riba, a Nuwamba jirgi na ƙarshe ya sauka. Kusan mutum 800 ke aiki a wurin.

To, batun dawowa. Ana dawowa, amma ka dubi yadda ake dawowar a wasu filayen Ingila. Na Blackpool an rufe shi a Oktoban 2014, aka sake buɗewa a Disambar shekarar, sai dai ga ƙananan jirage da masu saukar ungulu da masu koyon tuƙi. Manyan jiragen fasinja ba su dawo ba, kuma ka fi ni sanin cewa mai koyon tuƙi ba ya buƙatar mai lodi. Na Plymouth an rufe shi a Disambar 2011, ya shafe sama da shekara goma a kulle ana ja-in-ja tsakanin masu son gina gidaje da masu son jirgi ya dawo. Na Manston an rufe a 2014, a Disambar 2020 kuma, da Faransa ta rufe iyakarta saboda korona, dubban manyan motoci aka jera a kan titin jirgin. Shi kansa Doncaster, inda majalisar birnin ta tsaya kai da fata, sai a Maris 2024 ta sa hannu a takardar hayar filin ta shekara 125. Wata goma sha shida ke nan kafin a samu takarda kawai, ba a zo maganar lasisi da ɗaukar ma'aikata ba.

Dalilin jinkirin shi ne abubuwa na watsewa da sauri. Ma'aikacin hasumiya lasisinsa a ɗaure yake da filin da yake aiki, in ya daɗe bai yi aiki ba sai ya sake horo, don haka su ke fara tafiya. A sayar da motocin kwana-kwana. Ciyawa ta fasa kwalta. Sararin samaniyar da aka keɓe wa filin a mai da shi na kowa. In kuwa aka yanka titin aka yi fuloti, magana ta ƙare, kamar ƙaramin filin Sheffield da aka rufe a 2008 aka mai da shi unguwar ofisoshi da masana'antu.

Shawarata gare ka, ka karɓi aikin. Kana iya ci gaba da fafutuka kana da albashi. Su kuma masu tattara sa hannu ka gaya musu su bar kukan "kada a rufe" haka kawai, su nemi abu takamaimai: kada a miƙa lasisin filin, kada a canja wa ƙasar matsayi zuwa ta gine-gine, a bar titin da fitilunsa ko da don ƙananan jirage. In suka bari sai an sa kwaɗo, ihu bayan hari za su yi.

Uwar yaro mai jinya:

Malam mai lodi, sannu da wannan jarrabawa. Ni ba ma'aikaciya ba ce, fasinja ce, kuma namu filin an rufe shi shekara biyu da suka wuce. Ina karanta bayanin Baba na sama, na yarda da lissafinsa, amma akwai abin da ba ya shiga lissafi.

Ɗana yana ganin likitan zuciya a babban asibiti duk bayan wata biyu. Da, mu hau jirgin safe, a duba shi kafin azahar, mu dawo da na yamma, ya kwana a gadonsa. Minti hamsin ne a sama. Yanzu awa shida muke yi a mota, da yaron da ba ya jure zama, mu kwana a can, ni in rasa aikin kwana biyu, shi ya rasa makaranta. Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Akwai likitoci biyu da ke zuwa asibitinmu sau ɗaya a wata su duba marasa lafiya su koma a ranar. Tun da jirgi ya daina zuwa, ɗaya ya daina zuwa gaba ɗaya. Ban ga laifinsa ba, ba zai ba da kwana uku don aikin yini ɗaya ba. Waɗanda yake dubawa kuwa yawancinsu tsofaffi ne da ba su taɓa hawa jirgi ba a rayuwarsu, amma jirgin nan ne ke kawo musu likita.

Don haka in za ku je gaban hukuma, ku tafi da mutanen asibiti. Ku tambaya a rubuce: jirgin ɗaukar marasa lafiya ina zai sauka da dare, wa zai kunna masa fitila, ina zai sha mai? Mu ba mu yi wannan tambayar ba sai da aka rufe.

Mai aikin akanta:

'Yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Zan faɗi abin da na san ba zai yi wa kowa daɗi ba, kuma ba da rashin tausayi nake faɗa ba. Duk lokacin da aka ce hukuma ta ceci fili, kuɗin harajin mutanen da galibinsu ba sa hawa jirgi ake nufi. A 2013 gwamnatin Sikotilan ta sayi filin Prestwick a kan fam ɗaya tak don kada a rufe shi, daga baya ta zuba masa rancen miliyoyin fam. Sayen ba shi ne wahala ba, riƙon ne. A Sifen an kashe kimanin yuro biliyan ɗaya wajen gina filin Ciudad Real, aka buɗe a 2008, aka rufe a 2012 don ba fasinja. Da aka sake buɗe shi, wurin ajiye jiragen da ba sa aiki ya zama.

Ba na cewa tallafi haramun ne. Amurka tun 1978, da ta sakar wa kamfanonin jirage mara su zaɓi hanyoyinsu, take biyan wasu kamfanoni don su ci gaba da zuwa ƙananan garuruwa masu nisa. A Turai ma akwai irin wannan tsari na tsibirai da lunguna. Garin wannan baiwar Allah, mai awa shida a mota, ya cancanci irin wannan a ganina. Amma malam mai lodi ya ce babban fili na nan awa uku daga gare su. Ina kyautata zaton mutanen garinsu da yawa tuni can suke zuwa hawa jirgi, don tikiti ya fi araha kuma jirage sun fi yawa. In haka ne, bas mai kyau da ke tashi a kan lokaci zuwa babban filin zai fi amfanar mutane da yawa da kuɗi kaɗan.

Mai lodin kaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam akanta, ka taɓa inda ke ciwo, domin ƙanwata ma da za ta yi tafiya bara, can babban filin ta je, ta wuce ta ƙofarmu a mota. Na ji haushi a lokacin, amma da ta nuna mini bambancin kuɗin tikitin sai na yi shiru. Inda ban bi ka ba shi ne batun bas. Akwai wani kamfanin gyaran injuna kusa da mu da ke aika ƙananan kayan gyara a jirgin safe, ni nake loda su kusan kullum, kuma manajansu ya taɓa gaya mini saboda filin suka kafa a nan. Mutum arba'in ke aiki a wurin. Ga direbobin tasi da ke jiran jirgin yamma, ga matar da ke share ɗakin jira tun kafin in zo, ta kusa sittin, ba wanda ya yi mata tayin komai. Bas ba zai ɗauki waɗannan ba.

Hajiya, jiya da dare na kira wata ma'aikaciyar jinya da na sani na karanta mata abin da kika rubuta. Ta ce ba wanda ya tuntuɓe su a asibiti, kuma za ta yi wa shugabansu magana kafin taron da za a yi ranar Asabar. Baba, abubuwa ukun da ka lissafa na rubuta su a takarda, ni zan miƙe in karanta su a taron, ko da muryata za ta yi rawa.

Aikin kuma na yi shawara da maiɗakina, zan je ganawa ranar Alhamis. In sun ɗauke ni, yara za su zauna a nan har su gama shekarar karatu, ni in riƙa zuwa ƙarshen mako. Na roƙi a bar ni in fara bayan ranar rufewa, don ina so ni zan loda jirgin ƙarshe. Baba, tambaya ɗaya ta rage: takardar horon da na yi kan lodin kaya masu haɗari saura wata biyar ta ƙare. Za su karɓe ta a can, ko in nemi a sabunta mini tun ina nan kafin ofishin horonmu ya watse?