Lasin talabijin: wa ya taɓa biya a cikinmu, kuma me ya gani?

Malamin makaranta, Nima

Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani da idonsa game da kuɗin lasin talabijin a nan Gana, ba wanda aka jiyo a cikin motar haya ta trotro ba. Dokar tsohuwa ce, tun 1966 take, zamanin sojojin da suka kifar da Nkrumah. Kuɗin ya daɗe a kan sidi 3,000 na tsohon kuɗi, wanda ya koma pesewa 30 bayan canjin kuɗi na 2007, har ta kai wahalar karɓarsa ta fi shi tsada. A 2015 aka dawo da shi da sabon farashi: sidi 36 a shekara ga mai akwati ɗaya a gida, sidi 60 ga mai biyu ko fiye. Sai a ƙarshen 2017 Alƙaliyar Alƙalai, Sophia Akuffo, ta ware kotuna 11 don masu ƙin biya, su fara zama ranar 4 ga Janairun 2018. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka janye maganar gurfanarwa, aka ce shugaban GBC, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, na lokacin ya tafi hutu.

Mu nan Nima maƙwabtan gidan ne, titi kawai ya raba mu da Kanda, unguwar da GBC yake. Wa ya biya? Wa ya ƙi? Kuma me kuka samu a gidan da har za a ce ku biya?

Mai gyaran talabijin, Mamobi

Wa alaikumus salam Malam. Ni na biya, don mu masu gyara da masu sayarwa namu daban ne, daga sidi 60 zuwa 240. Rasit ɗin yana nan manne a bangon shago kusa da kalanda, ya yi jawur saboda ƙura. Satin da aka ce kotu za ta fara zama, mutane suka riƙa zuwa shagona, ba don gyara ba, sai don su tambaye ni ko da gaske ne za a ɗaure mutum shekara guda a kan tibi. Na ce musu haka doka ta tanada, tara ko ɗauri. Kusan kowa amsarsa ɗaya ce: ai ni ba na kallon GTV, tashar GBC, dikoda nake da ita. Sai in bayyana masa cewa dokar ba ta tambayi abin da kake kallo ba, mallakar akwatin ta ɗora wa kuɗi.

Amma ga abin da na lura da shi a wajen aiki. In na gama gyara na kunna don gwaji, matashi zai ce in kamo masa tashar ƙwallo. Dattijo kuwa ba zai ɗauki akwatinsa ba sai ya ga GTV ta fito tas. In ta yi yayyafi, ko duk sauran tashoshin sun fito, cewa zai yi gyaran bai yi ba.

Hajiya mai wake da shinkafa, Sabon Zango

Ɗana mai gyara, Allah ya yi maka albarka da ka biya, amma ni ban biya ba, kuma zan faɗi dalilina a gaban kowa. Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna jere, kowane ɗaki da iyalinsa da tibinsa. To wane ne "gida" a nan? Mai gidan ko mu 'yan haya? Ba wanda ya zo ya yi mana wannan bayani da harshen da muke ji. Sanarwar kotu kawai ta iso mana.

Akwai wata tsohuwa a gidanmu, Allah ya jiƙanta, jikanta ne ya saya mata ƙaramar tibi. Ranar da ta ji maganar ɗauri, sai ta cire wayar, ta naɗe akwatin da zanen sallarta, ta tura ƙarƙashin gado bayan kwanukan aurenta. Har aka daina maganar ba ta yarda an fito da shi ba. Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa, ita aka tsorata haka. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau.

Sannan ku gaya mini, albashin ma'aikatan gidan ba daga baitulmali yake fita ba? Baitulmalin nan wa ke cika shi? Kullum ina yankar tikiti a inda nake sayarwa. Shinkafa, mai, tumatirin gwangwani, duk da haraji a kai. Daga 2022 har zuwa 2025 ko kuɗi na tura wa mai kawo mini wake ta waya sai an cire nasu. Ni a ganina na riga na biya.

Dattijo, tsohon tela, Nima

Hajiya, maganarki a kan tsohuwar nan gaskiya ce, ba a karɓar kuɗin jama'a da barazana. Amma bari in gaya wa yaran nan abin da gidan yake a wurinmu.

Muna yara akwai akwatin rediyo na katako da ake ratayewa a bango, waya ce ke kawo masa magana daga tasha, ana biyan kuɗin haya. Maɓalli ɗaya gare shi, na ƙara murya. In lokacin labarun Hausa ya yi, mahaifinmu zai ɗaga hannu, gidan ya yi tsit, har masu daka su ajiye taɓarya. Harsuna 6 na gida aka ɗauka: Akan, Ga, Ewe, Nzema, Dagbani da Hausa. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. A ƙasar da wasu har gobe suke kiran ɗan zango baƙo, gidan rediyon gwamnati yana karanta labarun ƙasa da harshenmu. A 1969 da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasa, zango ya girgiza, maƙwabtanmu da yawa sun tafi. Mu da muka zauna, jin Hausa a rediyon Gana yana cikin abin da ya riƙe mana zuciya cewa nan ma gidanmu ne.

Gidan ya fara a 1935 da sunan ZOY, talabijin ta zo a 1965. Zamanin Nkrumah har sashen ƙasashen waje aka buɗe, ana watsa shiri da Hausa da Larabci da Swahili zuwa sauran Afirka. Kuma duk sojan da ya so mulki, nan ya fara nufa. Safiyar 4 ga Yunin 1979 muna jin harbi daga wajen Kanda, sai ga muryar Rawlings a rediyo yana haki. Gidan da masu bindiga suka san darajarsa haka, bai kamata mu talakawa mu ce ba ruwanmu da wanda ke ciyar da shi ba.

Ɗalibar shari'a, Madina

Baba, na gode da wannan tarihi, inda ka tsaya nan zan ɗora. Mama Hajiya ta ce ta riga ta biya ta hanyar haraji, kuma haka ne. Sai dai kuɗin da ya bi ta hannun ministan kuɗi, gwamnatin ranar ce ke yanke nawa za a saki da kuma yaushe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Manufar lasin ita ce kuɗi ya tashi daga hannun mai kallo ya shiga gidan kai tsaye, don mai karanta labarai ya san jama'a ne iyayen gidansa.

Tsarin mulkin 1992 ya yi ƙoƙari. Sashe na 163 ya wajabta wa kafafen gwamnati su ba mabambantan ra'ayoyi dama, kuma hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa, NMC, ce ke naɗa shugabannin gudanarwarsu tare da shawartar shugaban ƙasa. Tun a 1993 aka gwada wannan: an ba ɓangaren gwamnati fili a talabijin su kare kasafin kuɗi, jam'iyyar adawa ta NPP ta nemi irinsa ba ta samu ba, ta je Kotun Ƙoli ta yi nasara. A aji mun karanta hukuncin. Amma takarda ba ta sayen man janareta, ba ta sayen kyamara.

Ni abin da ya buɗe mini ido shi ne Maris ɗin 2025. Kakana kullum da asuba yana kama Muryar Amurka. Rana ɗaya shugaban Amurka ya sa hannu a takarda, aka tura ma'aikata gida, sashen Hausa ya yi shiru. Ya yi ta murɗa rediyo yana cewa batir ne. A Yulin shekarar kuma majalisarsu ta janye kusan dala biliyan 1.1 da aka ware wa rediyo da talabijin na jama'a a cikin ƙasarsu. Tashar da rayuwarta ke rataye da sa hannun mutum ɗaya, haka ƙarshenta yake iya zama.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Gaisuwa ga mutanen Akra. 'Yar'uwa, bayaninki ya yi, amma ni daga wani gefe nake kallo. Mu nan muna da Zuria FM, ku kuna da Marhaba. Hausa daga safe har dare, sanarwar rasuwa, ɗaurin aure, tafsiri, muhawarar unguwa, ba a karɓi ko pesewa ɗaya daga hannuna da sunan doka ba. Tun da aka buɗe fagen a tsakiyar shekarun 1990 tashoshi suka cika ƙasa. Gidan gwamnati kuma yana karɓar talla kamar kowa, yana karɓar albashi daga baitulmali, sannan a ce a ƙara masa lasin. Baki uku kenan. Ya zaɓi biyu mana.

Ma'aikaciyar jinya, Fadama

Yayana na Aboabo, ba na musun amfanin tashoshinmu, ni ma su nake ji a kicin. Amma tashar kasuwa lokaci take sayarwa, wanda ya biya shi ke magana. Na karɓi wata baiwar Allah mai ciwon suga da ta ajiye maganin asibiti saboda ta ji wani a wata tasha yana rantsuwa cewa garinsa na warkar da suga da hawan jini da basir a kwalba ɗaya. Da aka kawo ta ƙafar ta riga ta ɓaci. Wa zai sayi awa guda don ya gaya wa mata su zo awon ciki, ko su kawo yara rigakafi? Ba riba a ciki. Irin wannan shirin sai gidan da ba ya jiran mai talla.

Lokacin korona kuma, da aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, ba ni da kuɗin data na yara uku. Tashar darussa da ma'aikatar ilimi ta buɗe tare da GBC, Ghana Learning TV, ita ta riƙe mini su. Babbar takan zauna a tabarma da littafinta a cinya tana kwafar lissafi daga allon tibi, yaran maƙwabta biyu a bayanta. Ni dai na ga abin da kuɗin jama'a ya yi a ɗakina.

Direban babbar mota, Ashaiman

Ni hanyar Akra zuwa Paga nake bi. A Tamale ina kama Radio Savannah, a Bolga URA Radio. Za ka ji ana yi wa manomi bayanin taki da lokacin shuka da harshen ƙauyensa. Mu na birni muna da zaɓi da yawa shi ya sa muke raina abin. Lasin kuwa ban taɓa haɗuwa da mai karɓa ba, da an sa shi a wuri mai sauƙi da na biya.

Ɗan Nima mazaunin Hamburg

A nan Jamus ba a tambayar ko kana da tibi. Kowane gida yuro 18.36 a wata, wasiƙa ce za ta same ka da zarar ka yi rajistar adireshi. Masu karɓar tallafin gwamnati ana yafe musu in sun nema. Wannan yafewar ita ce babu a tsarinmu, shi ya sa tsohuwar gidan su Hajiya ta ɓoye akwatinta. Faransa kuma ta soke nata lasin a 2022 ta koma biya daga haraji.

Dattijo, tsohon tela, Nima

Ɗana na Aboabo, tambaya ɗaya. A 2013 da aka yi shari'ar zaɓe a Kotun Ƙoli wata da watanni, a ina ka kalla? A shagona mutane har bakin titi, 'yan jam'iyyar NDC da 'yan NPP a benci ɗaya, kowa na ganin shaidu da idonsa, ba wanda ya ba shi labari. Ranar hukunci, 29 ga Agusta, ba a jefa ko dutse ɗaya a layinmu ba. Ina da yaƙinin ganin da aka yi kai tsaye ya taimaka.

Ɗan Aboabo, Kumasi

A GTV na kalla Baba, ban musa ba. To in zan biya, ina da sharaɗi. A buga lissafi duk shekara, nawa aka tara, me aka saya. Kuma in an ɗauki lasin, a rage talla.

Ɗalibar shari'a, Madina

Sharaɗin nan ba a nan ya kamata ya tsaya ba. Malam, in kun yarda zan rubuta takarda zuwa NMC da kwamitin sadarwa na majalisa, da buƙatu uku: a yafe wa tsofaffi da marasa ƙarfi, a bayyana lissafin kuɗin a fili, a ƙara wa Hausa da sauran harsunan gida lokaci. Zan rubuta da Turanci da Hausa don a karanta wa iyayenmu kafin su sa hannu. Sai mu bi ta wajen sarakunan zango da limamai a tara sunaye bayan sallar Juma'a.

Malamin makaranta, Nima

Na yarda ɗiyata, ki rubuta. Ni zan ɗauki Nima da Mamobi. Ɗan Aboabo, Kumasi tana hannunka.

Hajiya mai wake da shinkafa, Sabon Zango

'Yata, ki ƙara na huɗu. Shirin Hausa a sa shi bayan sallar isha'i, don da safe muna bakin murhu, da rana muna kasuwa. Kuma a samu mace a cikin masu gabatarwa, wadda za ta yi maganar kuɗin makaranta da katin inshorar lafiya da hayar ɗaki. In an yi haka, sidi 36 ɗin ni da kaina zan tura, har da na 'yan ɗakin da ke kusa da nawa. Ki kawo takardar Sabon Zango ranar Lahadi da yamma, matan gidanmu duk suna nan.