Sojojin Lugga: masu gadin iyaka ne ko masu cin gari?

Jikan Saje: Salamu alaikum. Jiya wani ya kira rundunar WAFF, wato sojojin mulkin mallakar Ingila na Afirka ta Yamma, karnukan farautar Nasara, maganar ta tsaya mini a rai. Kakan babana saje ne a cikinta, jar dararsa na nan a adakar gwaggona, asu ya ci gefenta. A 1897 aka kafa rundunar don tsare iyaka, lokacin da Faransa ke kutsowa ƙasar Bargu. Aikin gadi ne.

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam. Farkon maganarka haka yake, ƙanena, Chamberlain, sakataren mulkin mallaka na Ingila, shi ne ya ɗora wa Lugga aikin saboda Faransa. To amma a Yunin 1898 Ingila da Faransa suka sasanta kan iyakar. Daga nan ina bakin bindigar ya juya? Bida, Kwantagora da Yola a 1901, Bauchi a 1902, Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Wace iyaka ce a ganuwar Kano?

Ɗan Bebeji: Ki ƙara da garinmu, Malama. Ƙofarmu suka fara fasawa da igwa kafin su isa Kano. Kuma Turawan da ke tare da Kanar Morland, jagoran yaƙin Kano, ba su cika 40 ba, baƙaƙen fata sun haura 700. Wa ya ɗana kunamar?

Baba Na Lakwaja: 'Ya'yana, ku bi a hankali. Su wa ke shiga soja a lokacin? Tun 'yan sandan da Baturen Ingila Glover ya tara a Ikko a 1863, da yawansu bayi ne da suka tsere. Duk mai jin Hausa Bature Bahaushe yake ce masa, ga kuma Yarbawa da Nufawa da Barebari a ciki. Wanda mayaƙan Nagwamatse na Kwantagora suka ƙone ƙauyensu, aka sayar da uwarsa yana kallo, amanar wa zai ci in ya ɗauki bindiga?

Malamar Tarihi: Allah ya ƙara girma, Baba, wannan na karɓa. Sai dai Satiru fa, ƙauyen nan na kusa da Sakkwato da ya yi wa Nasara tawaye? A 1906 talakawa ne da fartanya da gatari, cikinsu har da bayin da suka gudo, aka kashe kimanin 2,000 aka baje garin. 'Yan'uwansu na wahala ke nan.

Ɗan Bebeji: Ga Burmi ma, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Yulin 1903.

Jikan Saje: Satiru kam ba ni da bakin magana, Yaya. Amma namu tsohon a 1914 ya shiga. Iyakar Kamaru aka tura su, suka yi zaman dirshan a gindin dutsen Mora har Jamusawa suka miƙa wuya a Fabrairun 1916. Shi ma cikin na Satiru za ki lissafa shi?

Malamar Tarihi: Shi a karan kansa, a'a. Amma tutar da ya yi wa mubaya'a ita ce aka kafa a Satiru.