Sabon injin walda mai amfiya 400: bireka na faɗuwa, wayar ƙasa ta narke

Mai_Sanda:

Assalamu alaikum injiniyoyi da iyayen gidanmu masu walda. Ina neman shawararku kan wani sabon inji da aka kafa a wurin aiki. Irin inbata ne, wato mai sarrafa wuta da allunan lantarki a maimakon babban taransifoma, mai fes uku, volt 400 yake ci, yana bayar da amfiya 400. Daga allon wutar da sauran injuna ke kai aka ja masa layi, aka sa masa bireka mai amfiya 20. Wayar sanda mita 20 ce, wayar dawowa ma mita 20, kaurin kowacce milimita murabba'i 35. Yawancin aikin da sanda mai milimita 4 da 5 ake yi, amma akan ƙwaƙule tsohuwar walda da sandar gawayi da iska, a nan ana kai shi amfiya 350.

Matsaloli uku ne. Bireka tana faɗuwa. Wayoyin walda suna zafi har ba a iya riƙe su da hannu. Na ukun shi ne ya fi ɗaure min kai: akwai injin huda ƙarfe da ke ɗaure a kan teburin waldar, an tarar wayarsa ta ƙasa, mai kore da rawaya, ta narke a cikin filogi, alhali ranar ko kunna shi ba a yi ba. Maƙalin wayar dawowa a jikin ginshiƙin ƙarfe na rumfar ake maƙala shi, kamar taku goma daga teburin. Injin ne ke da matsala ko haɗin?

Injiniya_Lantarki:

Wa alaikumus salam. Malam, a dakatar da aiki da injin nan tukuna, kuma ta ukun za ka fara gyarawa, domin ita ce mai iya kashe mutum.

Wutar walda da'ira take yi. Ta fito daga inji, ta bi waya zuwa sanda, ta tsallaka kan ƙarfen da ake haɗawa, sannan dole ta koma cikin injin. Mutane suna kiran maƙalin nan wayar ƙasa, wannan sunan ne ke jawo ɓarna, saboda sai a ɗauka duk ƙarfen da ya taɓa ƙasa ya isa. Ba ƙasa wutar take nema ba, injinta take nema. Da ka maƙala a ginshiƙi nesa da tebur, ka bar mata zaɓi, ita kuwa duk hanyar da ta samu sai ta bi. A wurinku ga yadda ta yi: daga ƙarfen aiki ta shiga tebur, daga tebur ta shiga jikin injin huda tunda noti ya haɗa su, ta bi wayarsa mai kore da rawaya zuwa allon wuta, daga can ta bi haɗin da ke tsakanin allon da ƙarafan ginin, ta ɓullo a ginshiƙi, ta shiga maƙali. Siririyar wayar da ba ta wuce milimita murabba'i 1.5 ko 2.5 ba, wadda aka yi don amfiya 16 zuwa 20, ita aka ɗora wa wani kaso na amfiya 350. Kuma babu bireka a kan wayar ƙasa, don haka ba abin da zai yanke ta sai ta narke.

Haɗarin yana zuwa ne bayan nan. Injin huda zai ci gaba da aiki lafiya lau, ba wanda zai san ya rasa kariya. Ranar da wayar wuta ta taɓa jikinsa, bireka ba za ta faɗi ba, duk wanda ya dafa teburin shi wutar za ta ja.

Gyaran ba shi da wahala. Maƙalin ya koma kan ƙarfen da ake waldawa kai tsaye, kusa da wurin waldar iya gwargwado. In dole sai a tebur, a gurje wurin sai ya yi fari ƙal, ba fenti, ba tsatsa, ba maiko. A amfiya 350 ƙaramin maƙali mai sifirin ba ya isa, a nemi mai dunƙulen jan ƙarfe ko tagulla da ake ɗaurewa da sukuru, wanda aka rubuta masa amfiya 400 ko 500. A cire injin huda daga teburin, ko a raba shi da tebur da katako ko roba mai kauri har da notocin. Sannan mai lantarki ya bi duk soket da filogin da ke kusa ya auna wayar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, domin da wuya a ce waya ɗaya kaɗai ta sha wannan zafin. Ya duba ta injin waldar kansa ma.

Irin wannan yawon wutar ne ke cinye boris. In ana walda a jikin mota ko injin da ke juyawa aka sa maƙali ta yadda wutar za ta ratsa boris, sai ta riƙa tartsatsi tsakanin ƙwallayen, ta bar ƙananan ramuka, bayan 'yan makonni a ji yana kuka. Haka sarƙar injin ɗaga kaya: kowace mahaɗa ta ɗan ƙone, ƙarfinta ya ragu, ido bai gani ba. Tukunyar gas kuwa kada ta jingina da teburin walda ko kaɗan.

Zafin wayoyi lissafi ne. Jan ƙarfe mai tsawon mita 1 da kaurin milimita murabba'i 1 yana da turjiya kusan om 0.0175. Naku mita 40 ne zuwa da dawowa, a raba da 35, ya ba da om 0.02. A amfiya 350 ana asarar volt 7 a hanya, kuma zafin da ke fita a jikin wayar ya kai wat 2,450, kamar an kunna hita ne a ƙasa. In aka koma mai kauri 70, asarar ta dawo volt 3.5, zafin ya ragu da rabi. Wanda ya fi sauƙi ma wajen rage asarar volt shi ne a matso da injin kusa, a rage tsawon. Kuma kada a bar ragowar wayar a naɗe kamar gammo ana aiki, zafi yana taruwa a ciki, wutar ma ba ta tsayawa daidai.

Fes_Uku:

Injiniya ya gama da ɓangaren fita, bari in taɓa na shiga. Malam Mai_Sanda, ka leƙa farantin bayanai da ke bayan injin ka kawo mana lambobi biyu, I1max da I1eff. Na farko shi ne iyakar abin da injin ke ja daga layi, na biyu shi ne abin da zai ɗumama waya in an lissafa da hutun da injin ke yi. Ka kuma faɗa mana kaurin wayar da aka ja masa, da lokacin da birekar ke faɗuwa: da an murɗa makunni, ko sai an ɗan jima ana aiki?

Bambancin yana da muhimmanci. In nan take ne, kafasitocin ciki ne ke zuƙar wuta da yawa a farkon kunnawa, kuma bireka nau'in B tana faɗuwa da wuta ta ninka ƙimarta sau 3 zuwa 5, nau'in C sai sau 5 zuwa 10, nau'in D sau 10 zuwa 20. In kuwa sai bayan mintuna ne, nauyi ne ya yi mata yawa. A amfiya 400 wutar walda tana tsayawa wajen volt 36, wato kilowat 14.4 ke fita, in ka ƙara asarar cikin inji za ka ga yana jan kusan amfiya 26 zuwa 30 a kowane fes. Bireka mai 20 ba za ta jure ba.

Mai_Sanda:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An tsayar da aiki. Farantin ya nuna I1max 29, I1eff 22, sannan akwai X 60% a kan 400A. Wayar shiga 2.5 ce, tsawonta kamar mita 15. Birekar sai an yi minti biyar zuwa goma ana ƙwaƙula take faɗuwa. Wani ya ce a canja ta da mai 40 a huta, a kuma kafa wa teburin sandar ƙasa tasa, wato ƙarfen da ake bugawa cikin ƙasa a haɗa shi da tebur.

Fes_Uku:

A'a, kada a yi. Bireka waya take karewa, ba inji ba. In ka sa mai 40 a kan waya 2.5, wayar ce za ta zama fiyus a cikin bango. A ja masa layinsa shi kaɗai daga allo, waya mai kauri 6, fes uku da ta ƙasa, bireka mai 32 nau'in C, sai dai in littafin injin ya faɗi wani abu dabam, to a bi littafin. A sa makashin wuta kusa da injin, inda hannu zai kai ba sai an zagaya ba. In za a sa na'urar da ke yanke wuta idan ta zurara, inbata mai fes uku nau'in B na wannan na'urar yake buƙata, ba B ɗin bireka ba, domin irin zurarar da yake yi tana iya makantar da na gama-gari. A auna tsakanin fes da fes kafin a haɗa, duka ukun su zo kusa da juna. Fes ɗaya ya ɓace ana aiki yana iya ƙona ɓangaren shigar wuta na injin.

X 60% ɗin nan ma'anarsa a cikin kowane minti 10, minti 6 ne na aiki a amfiya 400, minti 4 na hutu, kuma a zafin digiri 40 aka auna. A 350 zai kai kusan minti 8, a wajen 310 kuwa zai yi ta yi ba tsayawa. In fitilar zafi ta kama, a bar shi a kunne fanka ta huce shi. Kashe shi a lokacin yana tsare zafin ne a ciki.

In da janareta za a yi aiki, a nemi wanda ƙarfinsa ya ninka na injin sau ɗaya da rabi, mai daidaita volt. Janareta ake fara tayarwa ya daidaita sannan a kunna inji, wajen tashi kuma inji ake fara kashewa.

Injiniya_Lantarki:

Kan sandar ƙasa: akwai ƙa'idojin da suka ce a haɗa teburin da ƙasa, musamman inda ake amfani da injin da ke tayar da wutar walda da tartsatsi mai saurin kaɗawa (HF), kuma ban ce laifi ba ne. Sai dai ba ta maye gurbin wayar dawowa, ba kuma za ta hana abin da ya faru ba. In maƙali ya yi sako-sako, haɗin teburin da ƙasa ya zama wata ƙarin hanya ce ga wutar. Maƙalin ne dai za a gyara.

Uwar_Bita:

Sannunku da ƙoƙari. Tunda sabo ne, bari a faɗi abin da zai sa ya daɗe.

Abin da ya fi kashe inbata ƙurar gurza ƙarfe ce. Fanka tana zuƙar ta, ta kwanta a kan allunan ciki, ita kuma ƙarfe ce, wuta tana bin ta. Ranar da iska ta yi laima sai ka ji fas, taransistocin sun tafi. Kada tartsatsin gurza ya fuskanci injin, a ɗora shi kan abin da ya ɗaga shi daga ƙasa, a bar masa aƙalla santimita 30 zuwa 50 ta gaba da baya. In an rubuta IP21 na cikin ɗaki ne, IP23 ne ke jure yayyafi, shi ma ba a walda da shi cikin ruwan sama.

Duk wata uku a buɗe a hure, in wurin mai ƙura ne duk wata. A kashe, a zare filogi ko a kulle makashin da kwaɗo, makullin yana aljihun mai aikin. A jira minti 5, sannan a auna kan kafasitoci da mitar awon volt. Volt 400 na fes uku in an mai da shi wutar kai tsaye yana kaiwa wajen 560, kuma yana iya zama a ciki bayan an cire wuta. Sai mitar ta nuna ƙasa da volt 50 a sa hannu. Iskar ta zama busasshiya, a rage mata ƙarfi, a fara hurawa a gefe a ga ko kwamfiresa na tofar da ruwa. A riƙe fankar da ɗan itace kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Kullum kafin a fara aiki a bi wayoyi da ido da hannu. Inda roba ta tsage kusa da mariƙin sanda, a yanke a sake haɗawa, salatif ba gyara ba ne a nan. Mahaɗan gaban inji a murɗa su sai sun kama gam. Wanda ya yi baƙi ko robarsa ta narke, alamar yana kwance ne yana tartsatsi a ciki, a canja namiji da macen tare.

Sai maganar jan wuta. Injin yana kunne ba a walda, tsakanin sanda da ƙarfe akwai volt 50 zuwa 90, farantin zai nuna a U0. Da busasshen safar hannu ba komai, amma mutum ya jiƙe da gumi, yana durƙushe a kan ƙarfe ko cikin tanki, ya zo canja sanda da hannu tsirara, wannan ya isa ya tsayar da zuciya. In injin yana da VRD, wato na'urar rage wannan volt ɗin, a kunna, tana sauke shi ƙasa da volt 35 har sai sanda ta taɓa ƙarfe. Kada a saƙale mariƙi a hammata, kada a naɗa waya a kafaɗa, kada a tsoma mariƙi a ruwa don ya huce. In injuna biyu ke aiki a kan ƙarfe ɗaya, mariƙin ɗaya a kan + na ɗayan a kan -, volt ɗinsu haɗuwa yake yi tsakanin mariƙan biyu, don haka mutum ɗaya kada ya taɓa su tare.

Ƙwaƙula a amfiya 350 tana son gilashin kare ido mai duhu lamba 13 ko 14, da abin toshe kunne, kuma narkakken ƙarfen yana tafiya nesa. A kawar da duk abin da ke cin wuta har mita 11, wanda ba ya kawuwa a rufe shi da bargon da ba ya ƙonewa, bayan an tashi wani ya tsaya yana duba wurin aƙalla minti 30. Hayaƙin a ja shi daga inda yake tashi. Tun 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da ke jawo cutar, na ƙarfe mai rufin zinki kuma yana sa zazzaɓi cikin 'yan awoyi.

Mai_Sanda:

Madalla, na rubuta duka. Gobe mai lantarki zai auna wayoyin ƙasa na soket ɗin gaba ɗaya kafin a ja sabon layi. Za a matso da injin ya zama mita 8 daga tebur. Injiniya, a wannan tsawon 50 za ta isa, ko dai a tsaya kan 70?

Injiniya_Lantarki:

Asarar volt ba za ta dame ka ba a mita 16 zuwa da dawowa, da 50 ba ta kai volt 2 ba. Amma zafin kowace mita bai dogara da tsawo ba, kuma ƙwaƙula aiki ne mai ɗorewa. Don walda da sanda 4 da 5, 50 ta wadatar. Tunda za a riƙa kai 350, ka sayi 70, da mahaɗai da mariƙin da suka dace da ita.