Omaha ko mu ci gaba da haƙuri da Bronx? Ina neman shawara

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa zama a garuruwan tsakiyar Amurka nake son ji daga bakinsu. Shekarata 11 a Bronx ta birnin Niyok, ni da mai ɗakina da yara uku muna ciki biyu da falo a hawa na huɗu, babbar ta kai shekara 12 yanzu amma har yau ɗaki ɗaya take kwana da ƙannenta maza, wallahi wannan abin shi ya fi tsaya min a rai. Aikina a Queens yake, awa ɗaya da kusan rabi a jirgin ƙasa zuwa, haka dawowa, in fita yara na barci in dawo sun kusa yin wani barcin. To yanzu an min tayin aiki a Omaha ta jihar Nebraska, aikin gyaran na'urorin sanyi da ɗumama gida ne irin wanda nake yi a nan, albashin bai kai na nan ba amma ba da yawa ya gaza ba. Maman yara ta ce ita sam hankalinta bai kwanta ba, ba ta san kowa a can ba, nan kuwa ko ƙasa ta sauka sai ta haɗu da wadda za su gaisa da Hausa. Ya rayuwa take a garin in aka haɗa da Niyok ko Houston ko Minneapolis? Ku faɗa min mai daɗin da mara daɗin, kar a ɓoye min komai.

Mai Gemu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni daga Shikago na koma Omaha, bana shekara tara kenan, to bari in ba ka abin da idona ya gani.

Abu na farko da za ka samu lokaci ne, kuma ni a wajena ya fi kuɗin. Daga gidana zuwa wajen aiki minti 18 ne a mota, in an ce yau gosulo ya yi yawa a titin Dodge ko kan babbar hanyar I-80 to ka ƙara minti goma. Ƙarfe biyar da rabi ina gida, in ci abinci da iyali in duba aikin makarantar yara in kai su karatun Alƙur'ani in dawo, abin da a Shikago sai Lahadi nake iya yi. Lissafa awa ukun nan da kake zubarwa a jirgi kullum, sau biyar a sati, ka ga abin da ake cire maka daga rayuwar 'ya'yanka.

Garin kuma ba ƙauye ba ne kamar yadda mutanen Niyok suke ɗauka, a ƙidayar 2020 mutum dubu 486 ne a cikin birnin, in ka haɗa da kewaye har Council Bluffs da ke tsallaken kogin Missouri a jihar Iowa ya kusa miliyan ɗaya. Hedikwatar kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific na nan, kamfanin inshora na Mutual of Omaha na nan, kamfanin Berkshire Hathaway na attajirin nan Warren Buffett na nan, ga sansanin sojan sama na Offutt a Bellevue, ga masana'antun nama, shi ya sa aiki ba ya wuya sosai musamman ga mai sana'ar hannu irin taka, garin da sanyi ke kashe hita zafi ke kashe na'urar sanyi ai ba za ka zauna ba. Asibiti ma babu raini, asibitin jami'ar Nebraska na cikin 'yan tsirarun da aka kai masu Ebola a 2014.

Maganar gida kuwa, kuɗin da kake ba mai gida a ciki biyun nan a Bronx, a nan zai kama maka gida sukutum mai ɗaki uku da fili a baya da wajen ajiye mota, Ilham ta samu ɗakinta ta rufe ƙofarta. Amma ka sani harajin gida a Nebraska yana da nauyi ƙwarai in ka zo saye, kuma sabunta takardun mota duk shekara ma ana jin sa a aljihu. Sannan in za ka kama tsohon gida a gabashin gari ka tambayi batun dalma, an yi wata masana'antar narkar da dalma a bakin kogi shekara da shekaru, ta gurɓata ƙasar unguwannin wajen har gwamnatin tarayya ta zo tana kwashe ƙasar tsakar gidaje tana zuba sabuwa, ga tsohon fenti ma. Mai ƙananan yara kar ya sa hannu a takarda sai ya tambaya an gwada gidan ko ba a gwada ba.

Mota dole ce, biyu ma in hali ya yi. Akwai bas ɗin ORBT da ya fara a 2020 yana bin Dodge, yana da kyau, amma layi ɗaya ne, sauran bas ɗin sai ka daskare a tsaye kafin su zo. In maman yara ba ta tuƙi to ta fara koyo tun yanzu kafin ku taso.

Maman Sultan:
Yaya Baban Ilham ni dai roƙona ka saurari matarka da kyau, don duk abin da Malam Mai Gemu ya faɗa gaskiya ne amma bakin namiji ne mai fita aiki kullum yana ganin mutane. Na yi shekara huɗu a Omaha kafin mu dawo Houston. Gidanmu a can ya fi wanda muke ciki yanzu girma da kyau, unguwa shiru, maƙwabta masu kirki, in dusar ƙanƙara ta zubo wani dattijo maƙwabcinmu shi yake share mana gaban gida da injinsa ba tare da an roƙe shi ba. Amma wallahi kaɗaici ya kusa kwantar da ni. Na haihu a watan Janairu, ƙarfe biyar da 'yan mintuna gari ya yi duhu, waje fari fat, iska na kaɗawa kamar za ta yanke kunne, maigida na wajen aiki, ni kaɗai da jariri da bango huɗu, ranar suna mutum bakwai ne suka zo kuma biyu daga ciki sai da suka tuƙo awa uku daga Kansas City. Na zauna a bakin gado ina kuka ba don wani ya min komai ba, kawai babu wadda za ta karɓi yaron in yi wanka a nutse.

Musulmi akwai su, masallatai akwai, 'yan Sudan da Somaliyawa da 'yan Togo da Larabawa da 'yan Afghanistan, za ku samu naman halal da shagunan kayan Afirka ba matsala. Amma mai jin Hausa sai an tona. A Bronx kuna cikin ni'imar da ba ku san girmanta ba sai kun bar ta, yaranku suna jin yaren a masallaci da wajen biki, can kuwa in ba ku dage a gida ba shekara biyu ta isa su daina amsa muku da shi.

Houston ma ba aljanna ba ce fa, kar a ce na zuga ta. Zafi da gumi tun daga Mayu har Oktoba, gosulo na fitar hankali, inshorar gida da ta mota tsada, ga ambaliya, waɗanda suka ga guguwar Harvey a 2017 har yau in hadari ya haɗu gabansu faɗuwa yake. Teksas ba ta cire harajin jiha a albashi, Nebraska tana cirewa, amma abin da ka tsira da shi a nan yana fita ta can. Ni dai na zaɓi inda in na yi ciwo za a ƙwanƙwasa min ƙofa.

Abu Hanif:
In tsakiyar ƙasar kake so kuma kana son jama'a, duba Minneapolis ko Columbus ta Ohio. Mu nan Minneapolis tun 2023 aka amince a yi kiran salla da lasifika duk salloli biyar, yara mata da hijabi a makaranta ba wanda zai kalle su sau biyu. Sai dai sanyinmu ya fi na Omaha tsanani da tsawo, haya ma ta fi. Wani abu kuma da ba a faɗa maka ba, filin jirgin Omaha ƙarami ne, duk tafiya gida sai kun sauka a Shikago ko Atlanta ko wani babban gari kun canza jirgi, mutum biyar kuwa bambancin kuɗin tikiti ba wasa ba ne ga wanda ya saba tashi daga filin jirgin JFK na Niyok.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Hajiya Maman Sultan na miƙa wa maman yara wayar ta karanta naki da kanta, ta yi shiru ta ce abin da take ta son faɗa min kenan ta rasa yadda za ta faɗa. Malam Mai Gemu ya maganar guguwar nan da ake nunawa a labarai, da tsaro, da makarantu?

Mai Gemu:
Guguwa gaskiya ce, lokacinta daga Afrilu zuwa Yuni ya fi yawa. Ta ranar 26 ga Afrilun 2024 ta rushe gidaje da dama a Elkhorn, yammacin gari, na je da ƙafata bayan kwana biyu na ga gida babu rufi babu bango amma firij na tsaye a kicin. Abin da ya taimaka shi ne ana busa jiniya kuma waya na ƙara tun kafin ta iso, yawancin gidaje kuma suna da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kowa ya sauka can. Kar ka kama gidan da ba shi da wajen fakewa. Ƙanƙarar sama ma tana fasa gilashin mota ta lalata rufi, shi ya sa inshora take hawa. Sanyi kuwa a Fabrairun 2021 ya wuce 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Farenhait, har aka riƙa ɗauke wuta unguwa-unguwa na ɗan lokaci, amma ba kowace shekara ake ganin irin wannan ba.

Tsaro ya danganta da unguwa, kamar ko'ina. Garin a rabe yake sosai, kuma abin yana damuna, arewacin Omaha inda baƙaƙen fata suka fi yawa, inda aka haifi Malcolm X a 1925, an daɗe ana hana shi jari da bashin gida, har yau talaucin a bayyane yake, kudu 'yan Latin Amurka ne da shagunansu a titi na 24, yamma kuma sabbin gidaje da masu hali. Akwai mutanen kirki da layuka masu kwanciyar hankali a arewan, na zauna can shekara biyu lafiya lau, amma ka zo ka zaga da rana ka zaga da dare kafin ka yanke. Makarantu gunduma-gunduma ne, akwai ta Omaha, akwai Millard, Westside, Elkhorn, adireshinka shi yake nuna inda yaro zai fara zuwa, to ka fara zaɓen makaranta sannan ka nemi gida kusa da ita.

Maganar Hajiya kuma ban musa ko kalma ɗaya ba, matata ma shekarar farko ta sha wuya, sai da ta samu lasin ta fara zuwa karatun mata ranar Asabar sannan ta saki jiki. In ka ga dama ku zo ku duka biyar ku yi kwana huɗu ko biyar, amma kar ku zo a Yuni lokacin da gari ya yi kore ana wasan besbol na jami'o'i kowa na fara'a, ku zo a Janairu, ku yi Juma'a a nan, maman Ilham ta zauna da matan ta yi musu tambayoyinta ba ka wajen. In kun sa rana ka sanar da ni, ɗakin baƙi na nan, ni zan ɗauko ku daga filin jirgi, ku taho da rigunan sanyi masu kauri da safar hannu na yaran.