Kaska da sauro a gidajen da ake kiwo: me kuka gani da idonku?

Magidanci, Ƙofar Marusa, Katsina:
Assalamu alaikum. Ina roƙon iyaye da 'yan'uwa masu ajiye dabbobi a cikin gida su faɗa mana abin da suka gani game da zazzaɓin da ke biyo bayan cizon ƙwari, musamman daga saukar damina zuwa kaka. A unguwarmu da wuya ka shiga gida ba ka tarar da turken awaki ko na rago a bayan ɗaki ba, yara a nan suke wasa, kuma duk zazzaɓin da ya kwantar da mutum sunansa maleriya tun kafin a gwada jininsa. Shin akwai wanda ya taɓa ganin ciwon da aka tabbatar daga kaska ya fito?

Dillalin dabbobi, Daura:
Wa alaikumus salam. Ni na gani. Kowace Lahadi ina kasuwar Mai'adua, inda shanu da tumaki da raƙuma ke shigowa daga Nijar, kuma da damina ba a rasa kaska a gindin wutsiya da hantsa da cikin kunnen dabba. Yaron da ke riƙe mini igiya ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, iyayensa suka saya masa maganin maleriya ya shanye, jiki bai yi sauƙi ba. Da muka kai shi asibiti aka gwada jini babu maleriya, sai malamin asibitin ya tambayi sana'arsa, ya sa ya tuɓe riga, aka tarar da wani baƙin ɓawon miki a hammatarsa, kaluluwa kuma ta fito a kusa da wurin. Sai a lokacin yaron ya tuna cewa ya fizge kaska daga nan kwanakin baya. Aka canza masa magani, Allah ya ba shi lafiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da ba a yi masa wannan tambayar ba, da maganin maleriya za a ci gaba da ɗura masa.

Malamin dabbobi, Dutsin-Ma:
Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka kai shi. Kaska ba kamar sauro take cizo ba, domin ita kafa bakinta take yi a cikin fata ta zauna kwanaki tana shan jini, kuma duk tsawon zaman tana zuba yawunta a jikin wanda ta kama. Ta wannan yawun ƙwayar cutar da ta kwaso daga wata dabba take shiga. Idan macen ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta saka dubban ƙwai a cikin ciyawa ko tsagar bango, shi ya sa wanke dabba kaɗai ba ya raba gida da kaska matuƙar ba a share turke an toshe tsagogin garu ba.

Makiyaya sun san ɓarnarta a jikin shanu, domin inda ta yi yawa a nan kirci ke ƙamari, kuma ita ce ke kawo ciwon da saniya ke yin jan fitsari. Amma wanda ya fi tayar mini da hankali a aikina shi ne zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini. An fara gane shi a yankin Kirimiya a 1944, aka samu ƙwayarsa a Kwango a 1956, kuma wata kaska mai zobe-zoben fari a ƙafafu, wadda ke son busasshiyar ƙasa irin tamu, ita ce babbar mai ɗaukarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda ya kama, kuma har yanzu babu allurar rigakafin da duniya baki ɗaya ta amince da ita. Dabbar da ke ɗauke da shi lafiyarta ƙalau a ido, tana ci tana sha. Mutum yana kamuwa ta cizon kaskar, ko ta murtsuke ta da farce, ko ta taɓa jinin dabbar a lokacin yanka. Don haka duk wanda ya ga kaska a jikinsa ya sa hantsaki ya kama ta dab da fata, ya ja a hankali har ta fito gaba ɗaya har da kanta, ya wanke wurin da sabulu. Kada a ɗiga mata kalanzir, kada a kanga mata ashana.

Uwar yara, Rafindadi:
Malam, mun gode, domin mu mata mu ne muke cire wa awaki kaska da hannu, kuma ba mu taɓa jin wannan ba. Ni dai jarrabawar da na gani ta sauro ce. Ƙaramar 'yata ta taɓa shiɗewa cikin dare a watan Agusta, idanu suka kakkafe, kakarta ta ce iska ce, mahaifinta ya dage aka tafi asibiti, gwaji ya nuna maleriya ce har sai da aka ƙara mata jini. Tun daga nan ba na wasa da gidan sauro, kuma idan masu rabon maganin kariya daga maleriya na wata-wata da damina suka zo, wanda ake bai wa yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, nakan tsaya sai na ga an shanye na kwana ukun duka. Na sha ganin maƙwabta suna ba da na ranar farko su ajiye sauran a kan taga, abin yana ba ni takaici ƙwarai.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina:
Yaya, abin da kike yi shi ne daidai, Allah ya raya mana su. Macen sauro ce kaɗai ke shan jini, kuma ƙwayar maleriyar da ta zuba tana fara sauka a hanta ta hayayyafa kafin ta fantsama cikin jini, shi ya sa zazzaɓin kan bayyana kwana 10 zuwa 15 bayan cizon, shi ya sa kuma jinin yaro ke ƙarewa da sauri. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke.

Akwai kuma wani sauron mai ɗigo-ɗigon fari wanda da rana yake cizo, lokacin da ba kowa a cikin gidan sauro, kuma a randa da tsohuwar taya da gwangwanin da ruwan sama ya taru yake ƙyanƙyasa. Shi ke kawo cutar shawara, wadda ta ɓulla a jihar nan a 2019. Allurarta ɗaya ce tak, ana yi wa yaro yana wata 9, kuma tana kare shi har ƙarshen rayuwa. A wurin aikina abin da na fi roƙon masu jinya shi ne su faɗa mana sana'ar marar lafiya da inda ya je, domin mahauci ko makiyayi mai zazzaɓi da zubar jini daga hanci ko dasashi, akwai yadda ake karɓarsa don kada ciwon ya kama masu kula da shi.

Mahauci, Daura:
Malam, ni kullum hannuna cikin jini yake, kuma ba na rabuwa da yankan wuƙa. Naman da muke sayarwa fa, yana da haɗari ga masu ci?

Malamin dabbobi, Dutsin-Ma:
Naman da ya dahu sosai ba shi da matsala, domin zafin wuta yana kashe ƙwayar. Haɗarin yana kanku ku masu yanka da fiɗa, lokacin da jini yake ɗanye. Ka rufe duk wani yanka da filasta, ka sa safar hannu ta roba, ka hana yara tsayawa a inda jini ke fallatsa. Masu sayen ragon layya kuma su yi masa feshin maganin kaska kamar mako biyu kafin yanka, su duba takardar maganin don sanin kwanakin da za a jira kafin a ci naman.