Shamuwa mai jan baki a dam ɗin Lamingo: baƙuwa ce daga Turai?

Ɗan Rikkos

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu lura da tsuntsaye. Ina neman haske a kan wata tsuntsuwa da na gani a bakin dam ɗin Lamingo a makon ƙarshe na watan Afrilu, bayan ruwan farko ya sauka a Jos. Garken shamuwa ne ya sauka a cikin ciyawar gefen ruwa suna kiwon fara da shinge, a can gefe kuma akwai wata guda ɗaya da ta fi su tsayi ƙwarai, tana tsaye a cikin ruwa mara zurfi, ba ta shiga cikinsu ba. Wuyanta da bayanta baƙaƙe ne, cikinta fari, amma bakinta da ƙafafunta sun yi mini kama da ja. Da yamma ne, rana tana gabana, kuma hoton da na ɗauka da waya bai nuna komai ba sai siffar jikinta.

Wani abokina ya ce wataƙila baƙar shamuwar Turai ce, wadda masana ke kira Ciconia nigra, kuma ba kasafai ake ganinta a Najeriya ba. Shin mai yiwuwa ne a gan ta a Jos a irin wannan lokaci? Idan kuma ita ce, wa ake kai wa labari don a rubuta? Ina da tambaya ta biyu. Ƙananan tsuntsayen nan masu ciki ruwan ɗorawa, masu yawan kaɗa jela, waɗanda ke bin ƙafafun shanu a fadamu tun daga kaka, yanzu babu ko ɗaya. Ina so in san lokacin da suke tafiya, da kuma dalilin da ya sa tafiyarsu take haɗuwa da zuwan shamuwa.

'Yar Laminga

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana ya yi kusa da baƙar shamuwar Turai ta fuska uku: girma, tsayuwa ita kaɗai, da zaman cikin ruwa. Shamuwarmu ta gida, Ciconia abdimii, ita ce mafi ƙanƙanta a dangin shamuwa, tsawonta bai cika wuce santimita 80 ba, kuma abincinta fara ne da sauran ƙwari, shi ya sa take son fili da gonar da aka share. Ta Turai kuwa tana kaiwa kusan mita ɗaya, ba ta son taro, kifi da kwaɗi take nema a ƙoramu da gefen tafki.

Sai dai launin baki da ka dogara da shi shi ne mafi raunin shaida a cikin bayaninka. Idan rana tana gaban mai kallo, musamman da yamma, haske yakan shafa ja a kan kowane abu mai sheƙi. Ita ma shamuwar gida tana da ja a gwiwa da yatsu, akwai kuma ɗan ja a gaban idonta, kusa da fatar fuskarta mai shuɗi, ko da yake bakinta ruwan toka ne mai ɗan kore. Girma ma yana yaudara idan tsuntsu ya fi sauran kusa da kai. Alamar da ke raba gardama tana bayyana ne lokacin tashi: shamuwar gida tana da fari tas a ƙasan bayanta har zuwa gindin jela, ta Turai kuwa bayanta baƙi ne daga wuya har jela. Ka ga ta tashi? Idan ka gani, me ka lura da shi a bayanta?

Batun lokaci ma yana da nauyi. Manyan baƙaƙen shamuwoyin da suka yi hunturu a Afirka ta Yamma sukan kama hanyar arewa tun watan Fabrairu zuwa Maris, domin a Afrilu ya kamata a ce suna kan sheƙa a dazuzzukan Turai. Wadda za ta yi jinkiri har ƙarshen Afrilu ta fi yiwuwa ta zama matashiya da ba ta kai haihuwa ba, kuma wadda ba ta cika shekara ba bakinta da ƙafafunta ba su riga sun yi ja sosai ba. A ganina kada a rubuta ta a matsayin tabbas tukuna.

Dattijon Vom

Ɗiyata ta yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Amma ni ba zan so a sanyaya wa wannan bawan Allah gwiwa ba, domin ƙasar Filato ta sha nuna wa masana cewa ba su gama saninta ba. Jan tsuntsun duwatsun nan, Lagonosticta sanguinodorsalis, sai a 1998 Robert Payne ya bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, alhali yana nan a duwatsun da ke kewaye da Jos, yara masu kiwo suna ganinsa kullum. Hanyar da aka bi aka gane shi ma abin lura ce: akwai wani baƙin tsuntsu mai sheƙi na Filato, Vidua maryae, wanda ke zuba ƙwai a sheƙar wani kuma yake kwaikwayon kukan wanda ya raine shi, to bin diddigin wannan kuka ne ya kai ga mai sheƙar. Saboda haka mutum ya ce ya ga abin da ba a saba gani ba, a saurare shi, a kuma tambaye shi da kyau.

Tambayarka ta biyu ita ta fi jan hankalina, ɗana. A bazara hijira iri biyu ce take gudana a samanmu lokaci guda, duka suna fuskantar arewa, amma dalilinsu daban. Shamuwar gida 'yar Afirka ce, ba ta ƙetare Sahara. Idan damina ta ƙare a nan sai ta gangara gabashi da kudancin Afirka inda ruwa ke sauka a lokacin, sannan ta biyo ruwan ta dawo ta yi sheƙa a kan kuka da tsamiya a tsakiyar garuruwan arewa. Shi ya sa manomi yake gyara garma idan ya gan ta, kuma shi ya sa ba a taɓa ta. Cilakowa da shirwa su ma suna matsawa arewa tare da ruwa.

Mai kaɗa jelar da ka tambaya, Motacilla flava, shi baƙon Turai ne da yammacin Asiya. Yana zuwa mana wajen Satumba da Oktoba, yana tafiya tsakanin ƙarshen Maris da farkon Mayu. A nan Vom, cikin shekarun 1960, wani mai nazarin tsuntsaye, V. W. Smith, ya yi ta kama su da raga yana aunawa yana sa musu zobe a ƙafa, kuma awon ya nuna yadda nauyinsu ke hauhawa gab da tafiya. Kitse suke tarawa, shi ne guzurinsu, kamar yadda fataken Azbin ba sa shiga hamada sai sun cika salka. Gabansu akwai Sahara mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, inda ba abinci ba ruwa, bayanta kuma ga Bahar Rum. Ruwan farko da ke jawo shamuwa shi ne kuma yake fito da ƙwari, yake sa itatuwa su yi 'ya'ya, wato shi yake ba baƙin abin da za su yi ƙiba da shi. Wannan ita ce haɗuwar da ka lura da ita. Ba rana ɗaya suke tashi ba: maza sukan riga mata, masu haihuwa a kudancin Turai sukan riga masu zuwa can arewa mai nisa, inda ƙanƙara ba ta narkewa da wuri. Idan ka ga namiji mai kai ruwan toka mai duhu, ba farar gira, a ƙarshen Afrilu, to galibi na arewacin Turai ne, yana cikin 'yan ƙarshe.

Abin da ke damuna shi ne ba baƙi kaɗai ake rasawa ba. Gauraka, wadda a da take kiwo a fadamun Filato har ana jin kukanta da asuba, yanzu ganinta a Najeriya ya zama labari, kuma ta tafi ne a hankali, ba tare da mutane sun riƙa rubuta ranar da suka daina ganinta a unguwarsu ba.

Mai Atlas, Abuja

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganarka ta ƙarshe ita ce dalilin da ya sa nake roƙon Malam kada ya tsaya a kan shamuwa ɗaya. Amma bari in fara amsa masa tambayar wa ake kai wa labari.

Kana zaune kusa da wurin da ya fi dacewa a ƙasar nan. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ake kira APLORI, tana dajin Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga cikin garin Jos, tana kuma aiki tare da Jami'ar Jos. Dajin bai wuce hekta 300 ba, amma an rubuta jinsin tsuntsaye wajen 300 a cikinsa, a ƙasar da jimillar nata ya haura 900. Daga can ake gudanar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya fara a ƙarshen 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Mai sa kai yakan shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk jinsin da ya gani ko ya ji, a manhajar BirdLasser da ke waya, wadda ke ajiye wuri da lokaci da kanta. Idan ya shigar da tsuntsun da ba a san shi a yankin ba, masu tantancewa sukan nemi ƙarin bayani kafin su karɓa. Sabon tarihi mai muhimmanci kuma akan rubuta shi a mujallar Malimbus ta ƙungiyar masana tsuntsaye ta Afirka ta Yamma, domin wanda zai zo bayan shekara hamsin ya iya auna shaidar da kansa.

Abin da masu tantancewa ke so ba shi da wuya, amma dole a rubuta shi nan take, kafin a buɗe littafin hotunan tsuntsaye, domin da zarar ido ya ga zane sai zuciya ta fara cike abin da ba a gani ba. Ka rubuta ranar da sa'a, da nisan da ke tsakaninku, da inda rana take, da ko da madubin hangen nesa ka duba ko da ido kawai. Ka kwatanta girmanta da tsuntsun da ke kusa da ita, ka faɗi abin da take yi, ka kuma faɗi dalilin da ya sa ka cire masu kama da ita. Hoton nan da ka raina kada ka goge shi, saboda idan ita da sauran shamuwoyin sun fito tare a ciki, tsayin ƙafa da kaurin baki za su iya bayyana ko da babu launi.

Yanzu ga roƙona. Tsuntsun da ba a saba gani ba yana faranta rai, amma sau da yawa ɓatan hanya ne na tsuntsu ɗaya. Abin da ke nuna halin da ƙasa take ciki shi ne ranar zuwa da ranar tafiyar tsuntsayen da kowa ya raina. A 1969 masu ƙidaya a Ingila sun tarar cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke hunturu a Sahel har da arewacin Najeriya, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Da aka bi sawu sai aka gano farin da ya fara a Sahel a 1968 ne sanadi. An gane haka ne don akwai masu ƙirga tsuntsu na yau da kullum kowace shekara. A nan Jos ma, binciken da aka yi a kan Saxicola rubetra, ɗan tsuntsun nan mai farar gira da ke tsayawa a kan karan dawa a gonakin da aka girbe, ya nuna cewa wanda ya rayu yakan dawo ɗan filin da ya zauna bara. An ɗaura wa wasunsu 'yar na'ura mai rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta, aka gano suna haihuwa a gabashin Turai. Idan aka yi gini a wannan fili, ko aka sare 'yan itatuwan da ke ciki, mai lura da gonar ne kaɗai zai san an yi rashi.

Ɗan Rikkos

Na gode ƙwarai, Baba, Malama da Yaya na Abuja. Amsar tambayar Malama ita ce ban ga tashinta ba, domin magariba ta yi tana nan tsaye a cikin ruwa. Da ido kawai na duba. A hoton akwai shamuwoyin gida guda biyu a gefenta, kuma ta fi su tsayi a fili, sai dai ita ce ta fi kusa da ni. Zan rubuta bayanin kamar yadda aka tsara mini. Shin in shigar da ita a manhaja, ko in jira?

'Yar Laminga

Ka jira, Malam. Ka shigar da shamuwar gida da sauran abin da ka tabbatar, ita kuwa ka aika hoton na asali, ba wanda aka matse ta WhatsApp ba, tare da bayaninka zuwa ga masu kula da shirin taswira, su duba. Idan za ka koma Lamingo, ka je da safe ka tsaya ta gabas yadda rana za ta kasance a bayanka, ka kuma leƙa kududdufan tsohuwar haƙar kuza na wajen Rayfield da Bukuru, domin tsuntsuwa mai cin kifi takan zagaya ruwayen da ke kusa kafin ta wuce. Idan ka same ta, ka yi haƙuri har ta tashi da kanta, kada ka kore ta don ka ga bayanta, saboda idan baƙuwa ce tana bukatar duk ƙarfin da ta tara. Ka kuma duba ƙafarta da kyau: a Turai ana sa wa 'ya'yan baƙar shamuwa zoben roba mai manyan haruffa tun suna cikin sheƙa, kuma idan aka karanta haruffan za a iya sanin ƙasar da aka ƙyanƙyashe ta da shekarar.